Daminar Da Na Yi Gadin Masarar Malam

Jiya da la'asar, da ruwa ya ɗan tsagaita, muka fita ni da ɗana Sadik za mu sayo gawayi. Muna isa bakin titi, can wajen garejin makanikai na Apo, sai ga matan nan masu gasa masara sun jera, kowacce da kaskonta da ragar waya a kai, suna fifita wuta da yagaggen kwali. Masarar farko ta bana ke nan. Warin baƙin mai da na jiƙaƙƙiyar ƙasa duk suka kau, ƙamshin nan ya zo ya tsaya min a maƙogwaro. Sadik ya ja gefen hijabina ya ce, "Umma, masara." Na saya masa biyu ban ko taya ba, ni da ko gishiri sai na taya.

Yana tafe yana gaigaya, ni kuwa raina sai ɓaci yake. Haka nake duk shekara in masara ta fito. Ba da yaron nake ba, ba kuma da matan ba. Da wata damina nake, shekara biyar ke nan da wucewarta, lokacin muna zaune a Paikon Kore. Daminar da na yi gadin gonar masara mafi kyau a unguwarmu, ɗana yana ramewa a gefenta.

Maigidana Kabiru, da nake kira Malam, ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikata a cikin gari. Hayar cikin Abuja ba ta irinmu ba ce a lokacin, shi ya sa muka kama ɗaki biyu can bayan Gwagwalada, a gidan wani manomi ɗan ƙabilar Gbagyi. Matarsa, Mama Talatu, ita ta zame min uwa a wurin. Malam yakan fita tun da duku-duku ya dawo bayan magariba. A kan wannan kuma sai ya ɗora karatun digiri na biyu, wanda suke cewa mastas, a wata jami'a da ke jihar da muke maƙwabtaka da ita. Ranar Juma'a ya tafi, Asabar ya dawo. Da ya ce min karatun noma yake yi sai da na yi dariya, don ni 'yar manoma ce daga wajen Dandume, a aji shida na firamare na tsaya.

Na ce, "Malam, noman ma sai an je masa makaranta sau biyu?"

Ya ce, "Ba za ki gane ba, Zulai."

Gaskiyarsa. Har yau akwai abin da ban gane ba.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya zo. Wanda bai yi azumi a ƙasar Gwagwalada ba kada ya ce min ya san zafi. Kwanon ɗakinmu tun hantsi yake fara ƙara kamar ana taka shi. Ruwan randa ya zama ruwan wanka. Nakan jiƙa zani in shimfiɗa wa Sadik a ƙasa, kafin ya yi barci zanin ya bushe. Ƙuraje suka feso masa a wuya da baya, yana sosawa yana kuka, ni kuma ina fifita shi leɓena a tsage. A cikin wannan hali ne Malam ya dawo wata Asabar fuska cike da murna, wai farfesan da ke duba aikinsa ya amince: zai yi bincike a kan masara, kuma ya riga ya karɓi aron filin da ke bayan ɗakinmu.

Na yi murna fa, kada in yi ƙarya. Na ce a raina, to, yau ga karatu mai amfani, bana za mu ci masara har mu kyautar.

Muka yi sassabe da azumi a bakinmu, shi da adda, ni ina tara ƙiraren. Sannan ya ɗauko igiya da tef irin na teloli amma dogo, ya shiga yanka filin ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Ya kafa turaku a kusurwa. Ya yayyanka mana jarkar ruwa mai ruwan ɗorawa, jarkata mai kyau, ya rubuta lambobi a jikin gutsattsarin ya ɗaɗɗaure a turakun. Ni ce mai riƙe bakin igiya. In na ɗan matsa don in kare fuskata daga rana sai ya ce, "Kin karkace, koma." Mama Talatu ta leƙo ta katanga tana kallonmu, ta ce, "Maman Sadik, oga naka gida zai gina ne ko gona?"

Bayan kwana kaɗan a-kori-kura ta zo daga kasuwar shanu ta Dei-Dei da kashin shanu, aka juye shi daidai tagar ɗakinmu, don wai nan ne inuwa. Wani buhun kuma na kashin kaji. Ku tuna azumi ake. Sai ka dama kununka na tsamiya, ka zauna kana jiran kiran salla, iska ta kaɗo. Ƙudaje kuwa har rige-rige muke da su a bakin kofi. Na ce, "Malam, a duk faɗin Paikon Kore babu inda za a ajiye wannan abu sai inda muke buɗa-baki?" Ya ce in yi haƙuri, rana tana kashe masa ƙarfi. Ni dai ban ga ƙarfin da ya ragu ba.

Ranar zuba taki ce na fara sanin akwai magana. Wannan ɗaki a ba shi takin zamani, wancan kashin shanu, na gaba kashin kaji, wani a haɗa masa biyu, komai sai an ɗora a sikeli. Da muka zo kan wasu ɗakuna, ciki har da na can ƙarshe kusa da bishiyar ɗorawa, sai ya tsallake.

Na ce, "Ka manta wannan."

"Ban manta ba. Shi ba za a ba shi komai ba."

"Laifin me ya yi?"

"Ba laifi ba ne. Kwantirol ne. Da shi za a gane bambanci."

"Wato da gangan za a bar shi da yunwa, don a tabbatar mai ci ya fi marar ci ƙiba? Malam, wannan ai da ka tambaye ni."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ɗaure fuska ya ce, "Zulai, don Allah, ko toka kada ki zuba a nan. Ko ruwan wanke-wanke. Kuma in ta fito, ko ganye ɗaya kada a cira a duk gonar. Za a bar ta ta bushe a jikin kara, a auna kowane ɗaki daban. In goyo ɗaya ya ɓata, lissafin ya rushe, shekara biyun da na yi ta tafi a banza."

Na ji wannan magana ta shekara biyu a banza, ta zauna min daram a ƙirji. Na san asubancin da yake yi, na san yadda yake dawowa ƙafa a kumbure. Na ce to.

Ruwa ya sauka bayan ƙaramar salla. Da rana tsaka gabas ta yi baƙi, iska ta kwashe mana shanya, sannan aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na fito da Sadik tsirara na tsayar da shi a ƙarƙashin indararo don ƙurajen su mutu, yana ihu yana dariya. Washegari muka yi shuka, ƙwaya bibbiyu, tazarar ma da tsinke aka auna. Daga nan gona ta dawo hannuna, don Malam ba ya wuni a gida sai ƙarshen mako. Ni na kori kurege da ke tone iri. Ni na yi noman farko, ni na yi maimai, Sadik a bayana. Shi aikinsa ranar Asabar da yamma ya shiga da tef ya auna tsawon kara, ya ƙirga ganye, ya fito yana murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Masara kuwa ta yi kyau, tubarkalla. Ɗakunan da suka sha taki suka yi kore shar har suna baƙi-baƙi, suka fi ni tsawo. Masu wucewa sai sun tsaya. Na kusa da ɗorawa kuwa ya tsaya iya ƙuguna, rawaya, siriri, ganye a lanƙwashe. Kullum in na wuce da tokar murhu sai na kau da kai, kamar mai wuce marar lafiyar da ba ta da abin ba shi.

A tsakiyar wannan na gane ina da ciki. Dole na yaye Sadik ba shiri, bai cika shekara biyu ba. Nan hankalina ya fara tashi. Yaro ya ƙi kunu, ya ƙi tuwo, in na ɗura masa ya dawo da shi. Kullum da safe sai na zagaye wuyan hannunsa da yatsuna biyu in ga ko ya ƙara sirancewa. Gashinsa na gaba ya fara ja. Na kai shi asibitin cikin ƙauye, ma'aikaciyar ta duba idonsa ta ce, "Madam, ba ciwo ba ne, abinci ne. Ki ba shi ƙwai, ki ba shi kifi, wake, duk abin da ya karɓa ki ba shi." Na ce to, na fito. Ina zan ce mata albashin ya tafi kuɗin makaranta da mota da taki da wani awon ƙasa da aka kai birni?

Lokacin nan ne kuma na tsakiyar damina, da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba, tiyar masara a kasuwa ta yi tashin da sai dai ka taɓa ka ajiye. Muka koma garin kwaki da rana, tuwo da dare in an samu, wani lokaci kwaɗon tafasa da na tsinko a bakin hanya. Ruwa kuma ya ƙi ɗaukewa. Itace ya jiƙe, sai in yi ta hura wuta hayaƙi yana cin idona. Kayan yaro ba sa bushewa, ɗaki yana warin danshi, bango ya yi kore daga ƙasa. Ga tashin zuciyar sabon ciki. Ga gona ta taga, ta fid da kai, ta yi goyo, wasu karan har goyo biyu, gashin ya fara yin ja yana komawa baƙi.

Sai unguwa ta ɗauki ƙamshi. Kowane gida ana gasa masara, ana dafawa. Wata yamma Mama Talatu ta miƙa wa Sadik rabin gasasshiya. Yaron da ya yi makonni yana ture cokali ya riƙe ta da hannu biyu, ya zauna a dokin ƙofa, ya cinye tas, ya koma tsotsar totuwa. Na tsaya ina kallonsa hawaye yana zubo min.

Da Malam ya dawo na bari ya ci abinci, sannan na ce, "Baban Sadik, yaron nan ya karɓi masara."

"Alhamdu lillahi."

"Guda ɗaya kullum. Daga gefe. Wa zai sani?"

Ya ajiye kofin ruwa. "Ni zan sani. Farfesa zai tambaye ni, in ce masa me?"

"Ka ce ɓera ya ci."

"In yi ƙarya a bincike?"

"To ka ce ɗanka ya ci. Shi ba ƙarya ba ne."

Ya shafa kan yaron ya ce in ƙara haƙuri, saura kaɗan, in albashi ya shigo zai sayo masa a hanya. Ya sayo kuwa, sau biyu ko uku, sannan aljihu ya koma yadda yake.

Mama Talatu ta ci gaba da aiko mana ɗaya yau, biyu gobe, duk da tarin jikokin da ke gabanta. Sai ranar nan a bakin famfo na ji wata tana ce wa 'yar'uwarta, ba ta ma rage murya ba, "Ka ga mutanen nan, gona cike, suna ajiye nasu suna cin na tsohuwa." Na ɗauki bokitina rabi na dawo. Daga ranar in Mama Talatu ta aiko sai in ce mun ƙoshi. Ta zo da kanta ta same ni.

"Maman Sadik, me ya faru? Yaro yana so, ka ce ya ƙoshi?"

"Mama, mutane suna magana."

"To ka karya naka mana! Wannan masara na oga, magani ne aka sa? In mutum ya ci zai mutu?"

"Ba magani. Ta karatu ce."

Ta dubi gonar, ta dube ni. "Masara yana karatu, yaro yana yunwa. Ni ban taɓa gani ba." Ta ajiye biyu a kan turmi ta tafi, ba ta jira na ce komai ba.

Gadi kuwa sai ya ƙaru, don yanzu kowa ya san akwai abin ci a bayan ɗakinmu. Awaki, 'yan makaranta masu yanke hanya, tsuntsaye masu yage bakin goyo. Na ɗaura gwangwanaye a igiya na jawo bakinta har taga, ina girki ina ja. Na bar zuwa suna, na bar zuwa kasuwar Gwagwalada. Barcin rana ma na daina. In na ji motsi sai in fita a guje da ciki, cikin taɓo, ina "Kai! Kai!"

Wata Talata ina tsince tafasa, na waiga ban ga Sadik ba. Na same shi a cikin gona, a ɗakin kashin kaji inda wani kara ya kwanta, ya kama goyo da hannu biyu yana ja, har ya fara yage ɓawon. Ban san lokacin da na doke hannun ba. Ya sake, ya dube ni, bai ma yi kuka nan da nan ba, sai da ya gama mamaki. Na mayar da ɓawon na ɗaure da zare don kada Malam ya ga an taɓa. Na goya yaron ina jijjiga shi, ina ce masa, "Ta Baba ce, ta makaranta ce," kamar zai gane abin da ni ma ban gane ba.

To a kwanakin nan na lura da wasu abubuwa. Tef ɗin awo yana rataye a ƙusa, har gizo-gizo ya yi saƙa a kansa. Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo, Malam bai shiga gona ba. In zai zagaya bayan gida sai ya bi ta ɗaya gefen. Tafiyar Juma'a ta koma sai Lahadi yake dawowa, a gajiye fiye da da. Sikelin da ya aro ya ɓace daga ƙarƙashin gado. In na ce, "Malam, masara ta fara bushewa daga ƙasa," sai ya ce "Uhm," ya ɗauki buta. Ni da zuciyata ba ta raina abin tsoro, sai na yanke cewa an kore shi daga aiki ne yake ɓoye min. Na shiga duba takalminsa da safe in ga ko na ofis ya sa. Na ƙara rage garin da nake zubawa a tukunya, na ƙara tsananta gadi, don a ganina yanzu karatun nan kaɗai ya rage mana.

Ranar wata Lahadi da hantsi ana yayyafi, Malam bai dawo daga tafiya ba, ina bin wata baƙar akuya da sanda tsakanin turaku, sai na ji hon. Oga Sanusi ne, na gaba da Malam a ofis, mutumin kirki mai son raha. Ya dawo daga garinsu zai wuce cikin gari, ya biyo ya ajiye mana doya. Ya sauke gilashi yana dariya.

"Madam! Sannu da fama. Har yanzu ana nan ana dutin gona?"

"Ina kwana, Oga. Ai dole, kada a ɓata wa Malam lissafi."

"Wane lissafi kuma? Ai wannan furojet ɗin ya mutu tuni. Ku ci abinku kawai."

Na tsaya da sanda a hannu. "Ya mutu kamar yaya?"

"Ah ah. Ba farfesansa ya koma wata jami'a ba? Kabiru ya bi shi ai, ya yi tiransifa. Can kuma suka ce sai dai ya fara sabo, waken suya ma zai yi yanzu. Ni na sa masa hannu a ofis, tun kafin babbar salla." Sai ya ga fuskata. Dariyar ta tsaya. "Subhanallahi. Madam, bai gaya miki ba?"

Tun kafin babbar salla. Na tsaya a cikin yayyafin nan ina jera kwanaki a kaina. Ranar bakin famfo, bayan salla ce. Ranar da na ce wa Mama Talatu mun ƙoshi, bayan salla ce. Talatar da na doke hannun ɗana, bayan salla ce da nisa. Akuyar ma ta samu sarari ta kama ganye tana ci, na bar ta.

Oga Sanusi ya sauke doya da kansa, yana ta "Don Allah ki yi haƙuri, bakina ne," ya ja mota kamar ana binsa.

Malam ya iso bayan azahar. Na kawo masa ruwa, ya yi salla, ya zauna. Na je na ciro tef daga ƙusa, na busa ƙurar, na ajiye a gabansa.

"Malam, an kwana biyu ba a yi awo ba."

Ya dubi tef. "Sai gobe, na gaji."

"Waken suyar ne ya gajiyar da kai?"

Ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Wa ya zo?"

"Wa ya zo? Abin da za ka tambaya ke nan? Ni ina nan ina bin awaki da ciki, ina hana ɗana abin da ke bayan ɗakinsa, mata suna zagina a bakin famfo, kai kuwa ka bar makarantar tun kafin salla!"

"Zulai, ki saurara. Farfesa ne ya tashi. In na zauna babu mai duba ni, sai in shekara ina jira. Da na bi shi na sa rai za su karɓi aikin nan, na yi ta roƙo. Sai daga baya suka ce a'a."

"Daga baya yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Da ɗan daɗewa."

"To me ya hana ka buɗe baki?"

"Kullum in na taho sai in ce yau zan faɗa. Sai in iso in gan ki a cikin gonar, kin yi baƙi, kin rame, kina ja min gwangwani. In ce ta yaya zan dubi matar nan in ce mata duk wahalar nan ta tashi a banza? Sai in ce gobe."

"Wato tausayina ka ji."

"Wallahi."

"Ka ji tausayina, shi ya sa ka bar ni na ci gaba da yi." Dariya ta zo min, kuka ya zo min, duk na haɗiye. Na ce, "Ni na ɗauka korarka aka yi daga aiki. Har takalminka nake dubawa."

Ban jira amsa ba. Na ɗauki kwando na saɓa Sadik a kafaɗa na shiga gona. Na fara da ɗakin takin zamani, inda goyo ya kai damtsena. Na yage ɓawo na danna farce. Ƙwaya ta ƙi. Ta yi tauri, ta shanye ruwanta, har ta lotsa a ka. Na wuce na kashin shanu, haka. Na kashin kaji, har wanda na ɗaure da zare, na kwance shi, haka. Wannan in ka gasa sai dai ta fasa wa babba haƙori, balle yaro mai haƙoran nono. Lokacinta ya zo ya wuce ina tsaye a kanta da sanda. Na bi ɗaki-ɗaki ina yagewa ina jefarwa a kwando, Malam yana biye da ni a baya, Sadik yana miƙa hannu yana "Ba ni, ba ni."

Har muka kai ƙarshe, gindin ɗorawa, wurin 'yan rawayan nan da aka hana komai. Saboda yunwa sun makara, ba su yi goyo da wuri ba. Goyon ma abin tausayi, bai fi tsawon tafin hannuna ba. Na karya ɗaya ba don ina sa rai ba. Ƙwayoyin jefi-jefi, kamar bakin tsohuwa. Na danna farce, sai farin ruwa ya fantso min a yatsa.

Na karye su kaf, na bi sauran ɗakunan da aka bari da yunwa na karye nasu. Malam ya buɗe baki, ina jin sabo ne kawai, ya ce, "Wannan ai kwanti..." Na juyo na dube shi. Ya rufe bakin, ya karɓi kwandon ya ɗauka.

Shi ya hura wutar ranar, da jiƙaƙƙen itace, yana tari hawaye yana zuba, ban taya shi ba. Na gasa su a bakin murhu. Sadik ya zauna a dokin ƙofa ya ci uku a jere, baki duk baƙin gawayi, ya yi gyatsa, ya yi barci da totuwa a hannu. 'Yan ƙananan nan su suka riƙe shi kwanaki, har cikinsa ya buɗe ya fara karɓar tuwo da wake. Sauran gonar muka bari ta ƙarasa bushewa muka girbe, babu sikeli babu lamba, na haɗe ta wuri ɗaya a buhu. Na kai wa Mama Talatu kwano cike da rana tsaka, na bi ta bakin famfo da gangan. Ta karɓa tana dariya ta ce, "To, masara ya gama makaranta?" Na ce, "An yi masa tiransifa, Mama."

Malam ya gama karatunsa a can, aka ƙara masa girma, muka dawo Apo. Takardar tana rataye a falo cikin gilashi. Gonar waken suyar ban taɓa ganinta ba, ban kuma tambayi wa ya yi gadinta ba. Nan babu ko taki ɗaya na ƙasa da za ka shuka abu, ko'ina siminti, masara sai ta bakin titi. Sadik ya yi tsawo, ƙanwarsa ma ta shiga makaranta. Amma har yau in yana barci nakan zagaye wuyan hannunsa da yatsuna, sai in ga ba sa haɗuwa, sannan in tashi.

Da muka dawo da gawayin jiya, muka tarar da Malam a falo. Ya ga masara a hannun yaron, ya dube ni, ya yi gyaran murya irin wadda na sani.

"Maman Sadik, dama akwai maganar da nake so mu yi. Farfesa ya kira ni. Wai maganar digiri na uku."

"Yaushe ya kira?"

"Yau. Wallahi yau da safe."

Na karɓi masara ta biyun daga hannun Sadik, na karya biyu, na miƙa wa uban rabi. Da zafinta, farce yana shiga.

Na ce, "To ci, ina ji. Ka yi na uku, ka yi na huɗu, ka canza makaranta sau goma in ka ga dama. Abu ɗaya ne: duk abin da ake ciki, ka faɗa min tun masara tana da ruwa."